Duwatsun Tapowa da Tsaunukan Dallol: Wa Ya Sassaƙa Su?

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Balleyara zuwa Filinge ya san tsaunukan Dallol. Suna tsaye a gefen kwari, jajaye, kansu a shafe kamar an yanke da wuƙa. Wasu sun ware su kaɗai a tsakiyar fili. Manomin Bonkuku yana ganin su kullum daga bakin garkarsa. Ya saba da su har ba ya tambaya. Yaro ne yakan yi tambaya: wa ya yanke kansu? Me ya sa tsawonsu ya zo ɗaya?

Can kudu, inda Dallol ya ƙare, akwai gandun daji na gwamnati wanda ake kira W. A cikinsa akwai wasu duwatsu masu ban mamaki, a bakin rafin Tapowa. Baƙi daga ƙasashe masu nisa sun sha biyan kuɗi don su gan su. Duwatsun Tapowa da tsaunukan Dallol ma'aikaci ɗaya ne ya sassaƙa su. Wanda ya san ma'aikacin nan zai gane inda ruwan rijiyarsa yake fitowa. Zai kuma gane abin da yake cin gonarsa.

INA NE GANDUN W?

Dallol Boso dogon kwari ne. Ya sauko daga Azawak, ya bi ta Abala, da Filinge, da Bonkuku, da Balleyara, da Birnin Gawure. Ya ƙare a Bumba, bakin kogin Isa, wanda wasu suke kira Kwara. Daga Bonkuku zuwa Bumba kusan kilomita 200 ne. Wanda ya tsaya a Bumba ya dubi ƙetaren kogi, gandun W yake kallo.

Sunan gandun harafi ne. Duk wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ya san shi: shi ne a farkon wata, da wake, da wuta. A wurin nan kogin Isa ya yi karo da dutse mai tauri. Ya kasa wucewa miƙe. Sai ya karkata nan, ya karkata can, har sau da yawa. In an dube shi bisa taswira, sai a ga ya zana W. Daga nan sunan ya fito. Ashe dutse ne ya raɗa wa gandun suna.

An mai da wurin gandun ƙasa a shekarar 1954. Ƙasashe uku sunka raba shi: Nijar, da Benin, da Burkina Faso. Rabon Nijar hekta 220,000 ne. Iyakarsa ruwa ne ta gefe uku: Tapowa daga arewa, kogin Isa daga gabas, Mekuru daga kudu. A 1996 hukumar UNESCO ta majalisar ɗinkin duniya ta sa shi cikin wuraren gado na duniya duka. A 2017 anka haɗa shi da gandun Arli na Burkina da na Penjari na Benin cikin rajista ɗaya.

A cikin gandun akwai giwa, da ɓauna, da zaki, da gwanki, da kanki, da mariya, da mugun dawa, da bika. A ruwa akwai dorina, da kada, da ayu. Tsuntsaye kuwa an ƙirga sun fi iri 350.

ABIN DA MAI ZIYARA YAKE TARARWA

Ƙofar gandun tana Tapowa, wajen kilomita 150 daga Yamai, ta hanyar Sayi da Tamu. A shekarun da hanya take lafiya, baƙi sukan zo da rani, daga lokacin sanyi har zuwa bazara. Sukan biya kuɗin shiga, a haɗa su da ɗan jagora.

Ba nisa da ƙofa ƙasa take tsagewa. Mutum yana tafiya bisa fa mai faɗi, sai kawai ya ga kwazazzabo a gabansa. Bango biyu na dutse suna fuskantar juna, rafi yana tsakani. Bangon ba sumul yake ba. Hawa-hawa ne, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar an jera tabarmi. Wani wuri dutsen ya tsage miƙe kamar magini ne ya ja igiya. Wani wuri manyan duwatsu sun ɓalle sun faɗa ƙasa, sun hau juna. Itatuwa sun cusa saiwarsu cikin tsaga.

Da damina rafin yana zubowa daga bisa dutse da ƙara mai ƙarfi. Da rani ruwa ya daina gudu, amma yakan saura a gurbi-gurbi cikin dutse, inda inuwa ta tsare shi daga rana. Shi ya sa namun daji suke taruwa a wurin in daji ya bushe. Bika sukan zauna bisa bango suna kallon mutane. A rafin Mekuru ma akwai kwazazzabai irin wannan.

Wanda ya ga wurin karo na farko yakan yi shiru. Tambayar da take zo masa ita ce ta yaron Bonkuku: wa ya yi wannan aiki?

ABIN DA MUTANE SUKE FAƊI

Tun kaka da kakanni ana jin tsoron dutse. A ƙasar Kurfai, da Imanan, da Tondikanja, akwai tsaunin da ba a hawa da tsakar rana ko da almuru. Ana cewa mazaunin iskoki ne. Dutse yana da girma a ƙasar nan har ya shiga sunan wurare: da Zabarmanci, tondi shi ne dutse.

Abubuwa uku ne sunka fi sa mutane tsoro, kuma kowanne yana da dalili.

Na ɗaya, dutse yana maida magana. In mutum ya yi kira cikin kwazazzabo, sai ya ji an amsa. Muryarsa ce ta bugi bango ta komo, kamar yadda ƙwallo yake komowa in yaro ya jefi katanga. Shi ne amsa-kuwwa.

Na biyu, dutse yakan yi ƙara shi kaɗai. Da rana yana shan zafi, ya ɗan buɗe. Da dare ya huce, ya tsuke. Yau da gobe sai ya tsage. Mata sun san haka a murhu: in an zuba ruwan sanyi bisa dutsen da ya sha wuta, yakan fashe.

Na uku, gatarin aradu. Manomi yakan tsinci ɗan dutse mai sulɓi, mai baki kamar gatari, bayan an yi ruwa. Ana cewa aradu ce ta jefo shi. Masu binciken tarihi sun tarar da irinsa da yawa a kufan mutanen dā, tare da dutsen da anka wasa shi. Gatari ne na gaske. Mutane ne sunka sassaƙa shi tun ba a san ƙarfe ba. Ana ganin shi bayan ruwa don ruwan ne ya wanke ƙasar da ta rufe shi. A bakin Mekuru an tsinci kayan aiki na dutse masu yawa, da kashin maƙera na masu narka tama. Wannan ya nuna mutane sun zauna a dajin tun zamani mai nisa.

Tsoron da kakanni sunka yi bai tafi banza ba. Tsaunin da ake tsoro ba a sare masa itace. Ya kamata wanda ya san dalili ya fi mai tsoro kiyaye wurin.

YADDA RAIRAYI YA ZAMA DUTSE

Allah ne ya halicci duwatsu. Amma ya sa wa kowane abu sababi, ya kuma ba ɗan Adam hankalin bincike. Akwai masana waɗanda aikinsu ke nan, karanta dutse. Ga abin da sunka gano.

In an goga ɓallin dutsen Tapowa, a duba da kyau, sai a ga ƙwayoyin rairayi ne manne da juna. Ruwa ne ya kwaso rairayin, ya shimfiɗa shi a ƙasan wani babban ruwa. Wani rairayin ya zo ya hau bisa. Wani ya ƙara hawa. Nauyin na sama ya danne na ƙasa. Ruwan da yake ratsawa ya bar wani abu kamar siminti tsakanin ƙwayoyin. Da daɗewa sai rairayi ya zama dutse. Shimfiɗun da ake gani a bango, kowace ɗaya zubi ne na zamaninta.

Wacce ta fi tsufa? Manomi ya san amsa. Damin da yake ƙasan rumbu shi anka fara sawa. Haka dutse yake: na ƙasa ya girmi na sama.

Masana sun auna shekarun duwatsun gandun W. Sun fi shekara miliyan 500. Miliyan ɗaya shi ne dubu sau dubu. A lokacin nan babu mutum, babu dabbar tudu, babu ko itace a doron ƙasa. Daga baya ƙasa ta motsa, ta matse duwatsun, ta tsattsaga su. A wani wuri matsi da zafi sun ƙara musu tauri. Jerin duwatsun Atakora na ƙasar Benin haka ya tashi, kuma wutsiyarsa ce ta tare wa kogin Isa hanya.

Ba a kudu kaɗai babban ruwa ya taɓa kwanciya ba. Wajen shekara miliyan 60 da sunka wuce, teku ya rufe ƙasar Adar. Har yau a duwatsun jihar Tawa ana tsintar kwanson dabbobin teku da haƙoran kifi waɗanda sunka zama dutse. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, a ƙasan tekun nan ya taru.

YADDA RUWA YAKE YANKA DUTSE

Ruwa ya tara rairayi ya zama dutse. Ruwa ne kuma ya komo ya yanka shi.

Ruwa shi kaɗai ba ya da kaifi. Amma in yana gudu yana ɗauke da rairayi da tsakuwa. Su ne haƙoransa. Yana goga su bisa dutse kamar yadda mace take goga ɗan dutse bisa uwar niƙa. Kowa ya ga tsohon dutsen niƙa wanda tsakiyarsa ta lotsa. Hannu ɗaya ne ya yi haka cikin ƴan shekaru.

Rafi yana neman wuri mai rauni. In ya sami tsaga sai ya bi ta, ya faɗaɗa ta, ya zurfafa ta. Shi ya sa bangon kwazazzabo yake miƙe: tsohuwar tsaga ce ruwa ya bi. In ya ci gindin bango, na sama ya rasa abin dogara, sai ya ɓalle ya faɗo. A wani wuri tsakuwa takan faɗa ɗan gurbi, ruwa ya dinga juya ta. Tana juyawa tana haƙa, har ramin ya zama kamar turmi. Masu ganin irin wannan rami a rafin dutse sukan ce sawun wani ƙato ne. Tsakuwa ce da ruwa.

Ga lissafi na misali, don a gwada a aji. A ce ruwa yana cin kaurin ƙwayar gero ɗaya a shekara. Ƙwayar gero wajen 500 in an jera su sun kai mita 1. To, a shekara 500 ruwa ya ci mita 1. A shekara 5,000 ya ci mita 10. A shekara 10,000 ya ci mita 20, tsawon babbar giginya. Dutse mai tauri ba ya ciwuwa da sauri haka. Amma ruwa ba ya gaggawa, kuma ba ya hutu. Sannu ba ta hana zuwa.

DALLOL, KOGIN DA YA ƘAFE

Yanzu a komo gida. Dallol kalma ce ta Fulatanci, ma'anarta kwari. Zabarmawa suna kiran ɓangaren kudu Boboy. Kwarin yana da faɗi ƙwarai, wani wuri ya fi kilomita 10. Ƙasansa rairayi ne. Gefensa bango ne. Rafin da zai haƙa irin wannan kwari ba ƙarami ba ne. To, ina rafin?

Ya ƙafe. Dallol Boso tsohon kogi ne. Ruwansa yana fitowa daga duwatsun Azbin da na arewacin Mali, ya taru a Azawak, ya sauko ya zuba a kogin Isa a Bumba. Dallol Mawri na ƙasar Dogon Dutsi da Dallol Foga mai gishiri su ma haka suke.

Yanayin ƙasar nan ya sha juyawa. An yi zamanin ruwa mai yawa, an yi zamanin fari, sau da yawa. Zamanin ruwa na ƙarshe ya kama daga wajen shekara 11,000 zuwa wajen shekara 5,000 da sunka wuce. A lokacin nan Sahara ciyawa ce da tafkuna. Akwai shaidu. A Gobero, cikin Tenere, a shekarar 2000, masu bincike sun tarar da maƙabartar mutanen dā a bakin tsohon tafki. Tare da su akwai ƙasusuwan dorina, da kada, da manyan kifaye, da masu na kamun kifi da anka yi da ƙashi. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen dā sun zana raƙuman dawa biyu bisa dutse. Babban ya fi mita 5. Mai zane ba ya zana dabbar da bai taɓa gani ba.

Da ruwan sama ya ragu, kogin ya daina gudu. Iska ta kawo rairayi ta cika masa ciki. Filin da ake noma gero da dankali yau a Bonkuku, cikin kogi ne.

ME YA SA KAN TSAUNUKA YAKE A SHAFE?

Duwatsun Dallol yara ne in an gwada su da na Tapowa. Bayan tekun Adar ya janye, koguna sun shimfiɗa rairayi da laka a ƙasar nan, shekara miliyoyi. A cikin ƙasar akwai ƙarfe da yawa. Shi ne ya ba ta jan launi, kamar tsatsa a jikin tsohuwar hauya. Da damina ruwa yana narkar da ƙarfen. Da rani ya bushe ya daskare. Haka ya yi ta yi har saman ƙasa ya yi ɓawo mai tauri. Ɓawon nan shi ne marmara, wadda ake zubawa a hanyar mota. Inda ƙarfen ya fi yawa shi ne tama. Maƙeran dā sun narka ta, kuma har yau ana ganin kashin maƙera a gindin tsaunuka.

A dā ƙasar duka shimfiɗe take, tudu ɗaya, da marmara a bisa. Sai kogi ya zo ya yanka ta. Da ya huda ɓawon sama, ya tarar da ƙasa mai laushi, sai ya yi ta ci. Ƙananan rafuka daga gefe su ma sunka ci nasu. Inda marmara ta saura, ta zama hula ga ƙasar da ke ƙarƙashinta, ta kare ta daga ruwa. Inda hular ta fashe, ƙasa ta tafi.

To, ga amsar tambayar yaro. Ba a yanke kan tsaunuka ba. Kansu shi ne tsohon doron ƙasa. Tsawonsu ya zo ɗaya don asalinsu fili ɗaya ne. Tsaunin da ya ware shi kaɗai, kamar sauran tuwo ne a akushi bayan an ci na kewaye. Wanda ya hau bisa ya dubi kwari, yana ganin yawan ƙasar da ruwa ya kwashe.

RUWAN BAI TAFI DUKA BA

Kogin ya ɓace daga ido, amma ya bar gado. Rairayin da ya cika kwarin yana riƙe ruwa kamar soso. Kowace damina, ruwan da ya sauka a kwari da wanda ya gangaro daga tudu yana nutsewa cikinsa. Shi ya sa a cikin Dallol mai haƙa rijiya yake samun ruwa a ƴan gaba kaɗan, alhali a bisa tudu sai an yi zurfi ƙwarai. Shi ya sa gawo da goriba suke son kwarin. Shi ya sa garuruwa sunka jeru a cikinsa kamar carbi.

Arzikin Bonkuku daga nan yake. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce, haifaffen Fandu, ta matsa wa noman rani a ƙasa duka. Inda ruwa yake kusa, nan aikin ya fi kamawa. Dankalin turawa na Imanan ya yi suna har kasuwannin Yamai. Ga kabeji, ga albasa, ga tumatir. Samari da yawa da a dā suke tafiya bida da kaka sun sami aikin yi a gida. Duk wannan kyautar tsohon kogi ce.

Namun daji ma sun san da haka. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna zaune a yankin Kure da Dallol Boso. A 1996 saura 49 kaɗai. Da anka tsare su, sun hayayyafa sun kai ɗaruruwa. Da damina suna bisa tudu, da rani su sauko kwari cin gawo. A 2004 an sa Dallol Boso cikin wuraren dausayi masu daraja a duniya.

Amma ruwan da yake kusa yana saurin ɓaci. Abin da anka zuba a ƙasa ba ya daɗewa ya kai gare shi. Don haka kada a haƙa salga kusa da rijiya. Kada a wanke gwangwanin maganin ƙwari a bakin rijiya. A sa takin zamani daidai gwargwado, yadda malamin gona ya nuna. Mai injin ban ruwa ya tuna ruwan ƙasa rumbu ne na kowa, kuma damina kaɗai take cika shi.

MA'AIKACIN BAI AJE AIKI BA

Ruwan da ya yanka Tapowa, ya haƙa Dallol, yana nan yana aiki. Bambancin ɗaya ne. A dutse yana ɗaukar dubban shekaru. A gona damina ɗaya ta ishe shi.

Bisa tudu akwai geza, da sabara, da taramniya, da anza. Su ne suke tare ruwan sama, su sa shi ya tafi a hankali. In an sare su don itacen wuta, tudu ya zama fako. Ruwa ya sauka bisa fako ba abin da zai riƙe shi. Sai ya taru, ya gangaro da gudu, ya faɗo daga bango. A gindin tsauni ya fara ɗan rami. Baɗi ramin ya zama kwazazzabo, ya raba gona biyu. Rairayin da ya kwaso kuma ya zube shi cikin kwari, ya binne garka, ya cika tafki, ya yanke hanyar mota. Mai gona a kwari yana biyan bashin gatarin da anka sa a tudu.

Maganin abin sananne ne, kuma an gwada shi a ƙasar nan. A Keita, tun daga 1984, maza da mata sun jera duwatsu, sun haƙa ramuka a jikin tsaunuka, sun dasa itatuwa, har fako ya komo gona. A jihar Maraɗi manoma sun raya kututture da sassaben zamani, gonaki sunka cika da itace. Ga abin da gari zai iya yi da hannunsa:

1. A jera duwatsu a gicciye bisa gangare, don ruwa ya rage gudu.
2. A haƙa rabin-wata da tassa bisa fako, a zuba taki, a shuka ciyawa da itace.
3. A toshe ɗan kwazazzabo tun yana ƙarami, da duwatsu da rassa. A fara daga sama, inda ya faro.
4. In ana sassabe, a bar tohon itace, a gyara shi ya tashi.
5. Kada a sare itace a bakin bango, ko a haƙi marmara a gindinsa ba da izinin hukuma ba.
6. Itacen da anka dasa ranar 3 ga Agusta, a yi masa shinge, a ba shi ruwa har ya kama.

Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ruwa ba ya san iyakar gona. Sai maigari, da ƙungiyar manoma, da makiyaya, da ma'aikatan gandun daji sun zauna tare. Rigakafi ya fi magani.

ZIYARA DA LADUBBANTA

Gandun W yana da doka. Ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Ba a shiga da bindiga ko tarko. Ba a sa wuta. Ba a kiwo, ba a saran itace. Ba a ɗauko dutse ko kayan tarihi. Ba a rubuta suna a jikin bango.

Sai dai yau maganar ziyara ta tsaya. A ƴan shekarun nan ƴan bindiga sun shiga dajin W ta ƙasashen uku. Ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe mutum 8 a yankin raƙuman dawa na Kure, ƴan Nijar 2 da Faransawa 6. Masu jagora da masu masauki sun rasa abin yi. Kada kowa ya kama hanyar Tapowa bisa ra'ayin kansa. Sai an tambayi hukuma, sai ta ce hanya ta yi lafiya. Duwatsun sun jira shekara miliyan 500, za su jira zaman lafiya.

Kafin nan, akwai ziyarar da ba ta son kuɗin mota. Tsaunin bayan gari littafi ne a buɗe. Malamin makaranta da ƴan ajinsa, ko ɗaliban yaƙi da jahilci, suna iya zuwa da safe, in wurin lafiya yake, bayan an sanar da maigari. A tafi da ruwan sha da sanda. A sa takalmi, saboda maciji da kunama. Kada a tsaya daf da baki, don marmara takan ɓalle. A duba shimfiɗun bango, a ƙirga su, a faɗi launin kowace. A nemo inda hular marmara ta ƙare. A bi ɗan rafi daga sama, a ga gonar wa yake nufa. A tafi da tsoho ɗaya wanda ya san sunan wurin da labarinsa, wani ɗalibi ya rubuta abin da ya faɗa.

Wanda ya tsinci gatarin aradu, ko tsohuwar tukunya, ko ƙashin da ya zama dutse, kada ya sayar wa ɗan kasuwa. A Bura, cikin jihar Tilaberi, an gano kayan tarihi a 1975, daga baya masu haƙa don sayarwa sunka ɓata wurare da yawa. Dokar 1997 ta tsare kayan gado na ƙasa. A bar abin inda yake, a gaya wa maigari, shi kuma ya gaya wa hukuma. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai don irin waɗannan kaya anka gina shi, kowane ɗan ƙasa ya je ya gani.

Gani ya kori ji. Wanda ya hau tsauni ya ga aikin ruwa da idonsa, ba sai an roƙe shi jera duwatsu a gonarsa ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa ake kiran gandun nan W? Waɗanne ƙasashe sunka raba shi?
2. Me ya sa rijiyar kwari ta fi ta tudu kusa da ruwa?
3. In ruwa yana cin mita 1 a shekara 500, mita nawa zai ci a shekara 3,000?
4. Wane kwazazzabo ne a garin nan wanda tsofaffi ba su san shi ba suna yara? Daga ina ya faro?
5. Wane aiki gari zai fara kafin damina mai zuwa, kuma wa zai kira taron?